Farar Fijon Illo

Duk wanda ya san unguwar Gidan Igwai a Sakkwato ya san zauren Gidaɗo, ko da bai taɓa shiga ba. Shi ne wanda ke bayan masu tuyar awara, inda ake jin ƙwas-ƙwas ɗin 'yar guduma tun hantsi. Gidaɗo tsohon makanike ne, ya yi shekara talatin yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a wajen Ƙofar Atiku, har bayansa ya ce ya gaji. Da ya bar gareji sai ya koma ƙera 'yan ƙananan motoci, waɗanda ba su wuce taƙi ɗaya ba. Kada ka kuskura ka kira su motocin wasan yara a gabansa. Wallahi sai ya kore ka, ya bi ka da harara har bakin titi.

Da gwangwanin madara yake yin jiki, ya liƙe da dalma, ya goge har sai ka ga fuskarka. Taya daga tsohon silifas, gilashi daga robar ruwa, kujeru kuwa jar fata ce ta majema. Inci ɗaya a wurinsa ƙafa biyu ne na motar gaske, kuma ba ya yarda da "kusan haka". Ƙa'idarsa biyu ce. Ta farko, ba ya sa mutum a ciki, don mahaifinsu Malam Jelani ya sha gaya musu cewa wanda ya ƙera mai rai za a ce ya busa masa rai ranar ƙiyama. Shi ya sa motocinsa duk wayam suke, ba direba ba fasinja. Ta biyu, yadda yake ƙawata sama haka yake ƙawata ƙasa, har inda ido ba ya kaiwa.

"Abin da ke ga mota shi nika sa wa mota," haka yake cewa. "Ba ni ƙari, ba ni ragi."

A kan katakon da ya kafa jikin bango akwai Landuroba, akwai Bitil, akwai gingimari mai bodin katako har da rubutunta na baya. Mota ɗaya ce bai taɓa ƙerawa ba, ita ce farar Fijon ƙanensa Illo.

Illo direban haya ne, yana ɗaukar fasinja daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi. Shekara ashirin da shida ke nan, wata Juma'a, motarsa ta saki hanya bayan Boɗinga, ta yi ta ƙundunbala, ta kama wuta. Shi da fasinja huɗu ba su tashi ba. Gari ya yanke hukunci tun kafin a dawo daga maƙabarta: gudu ne. Ai Illo ne, ƙafarsa ba ta san birki ba. Aka yi ta faɗa har maganar ta zauna daram. Matarsa Mariyatu tana da cikin wata biyar a lokacin, ta haifi mace aka sa mata Khaula. Gidaɗo ne ya riƙe yarinyar a gidansa, ya yi mata komai har ya aurar da ita. Ba ta taɓa kiransa Baffa ba, Baba take ce masa tun tana tatata.

To, ita ce ta yi sallama wata Talata da hantsi, da tsohon ciki, ta zauna a bakin tabarma tana haki.

"Baba, roƙo na zo yi."

"Ke da ba ki roƙo sai kin ga na ci na ƙoshi? Faɗi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita da mijinta sun yi shawara in namiji ne za a sa masa sunan mahaifinta. Amma dangin mijin sun ɗaga hanci. Wata gwaggonsa ma ta faɗa a gabanta, wai ba a raɗa wa jariri sunan wanda ya kwashi bayin Allah ya zubar a daji saboda gudun tsiya.

"Ban da hotonshi, Baba. Kaka ya hana ku hoto, na lasin kuma ya ƙone da shi. Inna ta rasu ba ta bar mini komi nashi ba. Ka ƙera mini motarshi, in aje wa yaron. Ko ba a ba shi sunan ba, ya san kakanshi ya yi sana'a."

Gidaɗo ya daɗe yana goge tabaransa da gefen riga. Ya so ya ce idonsa ya yi rauni, ya so ya ce ya manta kamannin motar. Ina! Yarinyar nan a zauren nan ta girma tana miƙa masa filaya, ta san ko a mafarki zai iya zana Fijon nan. Ya ce mata to, ta dawo bayan mako uku.

Ga abin da Khaula ba ta sani ba, kuma ba wanda ya sani sai Gidaɗo da Mahaliccinsa. Ranar Juma'ar nan Illo ya biyo ta gareji, fasinja na jiransa a tasha, ya ce sitiyari na ɗan rawa. Gidaɗo ya shiga ƙarƙashi ya canza kan sandar da ke juya tayar hagu, ya ɗaure noti. Akwai ɗan siririn ƙarfe da ake soka wa notin don kada ya warware, makanikai suna ce masa fin. Ya laluba cikin gwangwanin tarkace bai samu ba. Ga ladan ya fara kira, ga shi bai yi wanka ba. Sai ya tsinci wata tsohuwar ƙusa a ƙasa, mai tsatsa, ta ma yi wa ramin siranta, ya soka ya lanƙwasa. Illo ya leƙo da kansa ƙarƙashin motar, bakinsa ja da goro.

"Yaya, ta yi?"

"Ta yi. Tahi abinka, in ka komo mu sa na ƙwarai."

Mutum ɗaya da ya tsira daga cikin fasinja ya ce motar ta fizge hagu kamar an ja ta da igiya. Mutane suka ce ai haka gudu yake yi. Gidaɗo ya ji, ya gane, ya ja bakinsa ya yi shiru. Shiru na kwana ɗaya ya zama na shekara, har ya kai inda faɗar gaskiya ta fi ƙarfinsa.

Ya fara aikin da bismilla. Jikin motar bai ba shi wahala ba, hannunsa kamar dama jira yake. Ya fitar da doguwar bayan nan ta Fijo mai kujera layi uku, ya yi mata fenti fari sau huɗu yana gogewa. Ya tuna lotsawar da ke ƙofar baya inda amalanke ya taɓa bugunta a kasuwa, ya lotsa da kan ƙusa. Ya rataya ɗan carbi na zare a madubi. A gilashin baya ya rubuta da gashin burushi guda uku abin da Illo ya rubuta: Sai Mai Sama.

Daga kujeru abin ya fara. Ya ɗinka su sumul, ya jera, ya tafi sallar azahar. Da ya dawo sai ya tarar kujerar direba ta lotsa ta gefen ƙofa, daidai yadda Illo yake zama a karkace yana ɗora gwiwar hannu a taga. Ya tsaya yana kallo. Watakila shi ya danna da babban yatsa bai lura ba, ai tsufa ya zo. Ya cire ya sake cusa auduga ya ɗinke. Washegari lotsawar tana nan. Ya yi a'uziyya ya bar ta.

Da rana tsaka abin yake zuwar masa, lokacin da zafi ya kori kowa daga titi, masu Keke sun fake a inuwa, unguwa ta yi tsit. Sai ya ji kamar an tsaya a ƙofar zaure an tare haske. Ya ɗaga kai, ba kowa sai labulen buhu. Ya sunkuya kan aiki, sai tambayar nan ta zo masa daga ƙasa-ƙasa, kamar mai leƙo kai ƙarƙashin mota: Yaya, ta yi? Tsoro ya kama shi ƙwarai, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da aka kawo gawar. Ya rame. Matarsa Bara'atu ta ce ko shawara ce, ta jiƙa masa magani, ya sha don a zauna lafiya.

Ya bar ƙarƙashin motar sai ƙarshe. Ya ƙera salansa, ya ƙera tankin mai, ya ƙera sandar sitiyari da ɗan notinta wanda bai kai ƙwayar gero ba. Saura fin na tayar hagu. Ya ce a ransa, wa zai sani? Ya yanko wayar tagulla mai ƙyalli, ya naɗe ta yadda fin na ƙwarai yake, ya soka. Kyau kam ta yi kyau. Ya ajiye motar a kan tebur ya tura ta da yatsa. Ta tafi kamar taƙi biyu, sai ta karkata hagu ta zo ta tsaya a gabansa.

Ya duba tayoyi, daidai suke. Ya auna tebur, bai karkace ba. Ya tura Bitil a wurin, ta tafi sak. Ya sake tura Fijo, ta sake juyowa hagu ta dungure masa hannu.

Kwana uku yana wannan fama. Ya kwance ya ɗaura ya fi sau goma. Kuma duk lokacin da ya kifa motar ya ga tagullar nan tana walƙiya, sai ya ji kunya ta rufe shi. Shekara goma sha biyu yana cika baki ba ya ƙari ba ya ragi, ga shi ƙaryarsa ta farko a motar Illo zai yi ta. A rana ta huɗu ya zare tagullar ya jefar. Ya samo tsinin allura, ya jiƙa shi a ruwan gishiri ya shanya har ya yi tsatsa, ya buga masa ɗan kai irin na ƙusa, ya soka a notin ya lanƙwasa. Hannunsa ya tuna lanƙwasar sarai. Bai sake tura motar ba, don ba ya son ya ga abin da za ta yi.

Khaula ta zo ranar da aka yi da ita, ƙafafunta sun kumbura. Ya miƙa mata motar a kan tafin hannu biyu. Ta karɓa, ta leƙa ta taga, ta taɓa carbin da farce.

"Haka yake zama? A karkace?"

"Haka yake zama."

Hawaye ya zubo mata tana murmushi. Gidaɗo kuwa ya san abin da ke biye. Shi ya koya mata da bakinsa tun tana 'yar shekara goma sha huɗu cewa ba a yaba mota sai an kifa ta. Ta kifa ta. Idonta ya bi salansa, ya bi tanki, ya zo kan tayar hagu ya tsaya. Ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ta duba ta dama, fin ne na tagulla tsaf. Ta dawo ta hagu.

"Baba, mi ne ne wanga? Ƙusa ce?"

"Ƙusa ce."

"Fin ya ƙare maka?"

Ga ƙofa ta buɗe masa, in ya ce e shi ke nan, za ta yi dariya ta ce tsufa ya kama shi. Ya ji an tare hasken zauren ta bayanta. Bai ɗaga kai ba.

"Ranar ya ƙare mini," ya ce. "Abin da ke ga mota shi na sa."

Sai ya faɗa mata duka, da kiran sallar, da gwangwanin tarkacen, da tambayar da ubanta ya yi masa da amsar da ya bayar. Bai nemi sauƙi ba. Ya ce Mariyatu ta mutu tana jin haushin mijinta a kan laifin da ba nasa ba, shi kuma yana zuwa gaishe ta kullum da ledar goro. Ya ce ko gudun Illo ya yi, ba gudu ya kashe su ba.

Khaula ba ta yi kuka ba, wanda ta fara ma ya ƙafe. Ta daɗe tana kallon ƙusar, babban yatsanta na shafa ta.

"Shekara ashirin da shida ana zagin shi gabanka," ta ce a hankali. "Ni ma na zage shi cikin raina, Allah ya gafarta mini."

Ya ce in tana so zai je gidan surukanta da ƙafarsa, ya faɗa gaban gwaggon da kowa. Ta ce zai je, ranar Juma'a bayan an sauko, kuma zai je gidajen mutum huɗun nan ma, waɗanda suka rage. Ya ce to. Ta naɗe motar a gefen mayafinta, ta dafa bango ta miƙe da ƙyar. Ya kai hannu zai taimaka mata, ta riga shi tashi.

A bakin ƙofa ta tsaya ba ta juyo ba. Ya jira, bai san abin da yake jira ba.

"Sai Juma'ar, Baffa," ta ce, ta saki labule.

Gidaɗo ya zauna a kan tabarmarsa. Rana ta take, titi ya yi tsit kamar kullum. Ya kasa kunne ko zai ji tambayar nan, har aka kira azahar bai ji komai ba. Kalmar da yarinyar ta kira shi da ita ce kawai ta ƙi barin zauren.