Sunan da Rakiya Ba Ta Faɗa

A watan biyu na shekarar 1926 masu ɗaukar soja suka sauka Gangara. Mutum shida aka nema daga garin. Likitan Nasara ya duba haƙora da ƙirji, ya ware shida, gardawa, dogaran Nasara, suka tsugunar da su gindin gawo. Na huɗunsu shi ne Ila, mai shekara ashirin da biyu.

Dokar tana da ƙofa guda: ba a ɗaukar wanda shi kaɗai ke ci da uwarsa gwauruwa. Ila ya ce shi haka yake. Takardar ƙidaya ta ce shi ɗan Gajere ne, mai ƴaƴa maza huɗu ban da shi. Babu ƙarya a duka biyun. Ila ɗan fari ne, kuma da aka yaye shi aka miƙa shi gidan Gajere, ƙanen ubansa, kamar yadda aka saba. Mahaifiyarsa Rakiya ba ta sake samun wanda ya rayu ba, mijinta ya mutu a shekarar babbar yunwa, Ila ke noma mata. Gajere yana Kano da jakunansa. Maigari ya san komai, amma in aka saki Ila, ɗan ƙanwar shi maigarin ne zai cike gurbin, don haka ya ce shi abin da ke takarda ya sani.

Kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, ya ce a kira matar. Ta faɗi sunan ɗanta da bakinta a gaban jama'a, ta ce nata ne, a sallame shi.

Barmo tafinta ne ya isar mata da saƙon. Shekara bakwai ya yi a lekol, makarantar Nasara, a Damagaram, inda aka koya masa kada ya ƙara, kada ya rage.

Rakiya ta durƙusa nesa da tebur, ta juya wa gawon baya. Da ta buɗe baki, tatsuniya ta fara, da rana tsaka. Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi, ta zautu."

Ta ce wata zabuwa ce ta yi ƙwai guda. Mai gida ya ɗauke ya sa wa kaza, ta ƙyanƙyashe shi tare da nata huɗu. Ya girma yana bin kaza. Zabuwa takan bi ta bayan danga tana kallonsa ta kafar kara, ba ta taɓa kiransa ba. Ran nan shirwa ta sauko. Kaza ta buɗe fikafikai, huɗu suka shige, babu wurin na biyar.

Barmo yana juyawa zuwa Faransanci, jimla bayan jimla. Da ya kai ga kafar kara sai ya tuna gida. Shi ma ɗan fari ne. Ranar da aka tafi da shi lekol uwarsa ba ta fito ba, kuma tun daga nan yake riƙe da ita a zuci.

Kumandan kuwa ya ji daɗi. Yana tara tatsuniyoyin ƙasar a wani littafi, ya riga ya sami fiye da arba'in. Ya sa aka maimaita masa wurin shirwar, ya tambayi ko zabuwar ta daji ce ko ta gida, ya rubuta.

"To, sai me ya faru?"

Barmo ya ce, "Kumandan, ba ta da ƙarshe. Zabuwar ita ce. Na biyar ɗin ga shi can gindin gawo."

"Ita ta faɗi haka?"

"A'a."

"To juya abin da ta faɗa. Uwa ba za ta iya faɗin sunan ɗanta ba?"

Barmo ya bayyana masa kunyar ɗan fari. Kumandan ya rubuta wannan ma, a wani shafi dabam, ya ce al'ada ce mai ban sha'awa, amma takarda suna take so.

Barmo ya tsuguna kusa da ita. "Inna, don Allah. Kalma ɗaya ce. Ko a hankali, ni kaɗai in ji."

"Ɗan nan, ai ka ji ni."

"Na ji. Shi ne bai ji ba."

Daga cikin taro wata mata ta ɗaga murya: "Ke Rakiya, kunya za ta yi miki huɗa bana? Faɗi mana!"

Rakiya ta ɗaga kai. Surukanta na zaune a gaba, maigari na kallonta. Leɓunanta suka motsa sau biyu. Shekara ashirin da biyu sunan bai bi ta bakinta ba.

"Wancan yaron…" in ji ta. Sai ta sunkuyar da kai. "Ɗan mutane ne."

Kumandan yana jin Hausa gwargwado. Bai jira tafinta ba, ya ja layi a takarda, ya rufe maganar.

Bayan azahar aka sa su shida a hanyar Damagaram. Rakiya ba ta raka su ba. Barmo ya same ta ƙofar gidanta tana tsince wake a faifai, hannunta yana komawa kan ƙwaya guda.

"Ɗan nan," in ji ta, "inda za a kai su, ana cin hatsi?"

Barmo bai sani ba. Ya ce mata ana ci.