Sunaye a Jere

Anti Sakatariya ta fi kowa daɗewa a ofishin makarantar, kuma idan akwai abin da take taƙama da shi, bai wuce iya jera sunaye ba. A wannan makaranta ba a aika imel haka kawai. Sai an sa adireshin Shugaba a farko, sannan mataimakiyarsa, sannan shugabannin sassa, har a gangaro kan mai kula da ɗakin karatu. Duk wanda ya buɗe saƙo, kafin ya karanta abin da ke ciki sai ya leƙa sama ya ga inda aka ajiye shi. An taɓa sa malamin tarihi a bayan nas, bawan Allah ya yi kwanaki yana cika yana batsewa, gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa. Manya da su, wasu har da furfura.

Malamin kwamfuta ya sha faɗa musu cewa idan saƙo na mutane da yawa ne, musamman waɗanda ba su san juna ba, a zuba adireshinsu a layin ɓoye, inda kowa saƙonsa kawai zai gani ba tare da sunan wani ba. Anti ce kan gaba wajen yi masa dariya. Ta ce ita ba munafuka ba ce da za ta riƙa aika magana a ɓoye, kowa ya ga kowa shi ne gaskiya. Sauran malamai suka mara mata baya, shi kuwa ya gaji ya bar maganar.

Ana nan sai malamin lissafin manyan azuzuwa ya ajiye aiki, aka yi cigiyar wani. Takardu suka yi ta shigowa, aka tace, aka ce Anti ta sanar da waɗanda suka tsallake ranar ganawa. Ta zauna a teburinta da ke bakin taga, tana kurɓar shayi, ta zuba adireshinsu duka a layin sama, inda kowa ke ganin kowa. Har jera su ta yi, masu babban digiri a gaba, sauran a baya, ta duba ta ga aiki ya yi kyau, ta aika. Kafin a tashi wani ya amsa wa kowa da kowa yana godiya, wani ya biyo baya yana tambaya ko za a ba da abincin rana. Anti ta karanta wa 'yan ofis, aka yi ta ƙyalƙyala dariya.

Ranar ganawa wani mutum ya riga kowa zuwa. Siriri ne, rigarsa ta sha guga amma wuyanta ya fara cinyewa. Ya zauna a bencin da ke gaban ofis, ya ɗora jakarsa a cinya. Da ta fito ba shi lamba, ya miƙe ya gaishe ta cikin ladabi, sannan ya tambaya ko ita ce ta turo saƙon. Ta ce ita ce, har da ɗan murmushi, don ta ɗauka yabo zai yi.

A hankali ya yi mata bayani, ba tare da ya ɗaga murya ba. Yana koyarwa ne a wata makaranta, kuma bai faɗa wa kowa yana neman canji ba. Ashe mataimakin shugabansu ma ya nemi wannan aikin a ɓoye. Da saƙon ya zo, kowa ya ga sunan ɗan'uwansa. Mataimakin ya ji tsoron a riga shi, sai ya goge nasa sunan, ya tura wa mai makarantar sauran. Washegari aka kira malamin aka ce tunda zuciyarsa na wani wuri, ya bi ta. 'Ya'yansa mata biyu a can suke karatu a matsayin 'ya'yan ma'aikaci, su ma aka ce zangon nan ne na ƙarshensu.

"Ba ƙorafi na kawo ba, Anti," ya ce. "Na ga dai ya kamata ki sani, saboda na gaba."

Da zaginta ya yi da ta san abin da za ta ce, don bakinta bai taɓa mutuwa ba. Ta koma ciki ta buɗe saƙon, ga sunansa nan a tsakiya, na mataimakin a samansa, yadda ita da hannunta ta jera su. Kunya ta rufe ta, irin wadda mutum ke ji idan ya take ƙafar yaro a cikin taro kuma yaron bai yi kuka ba.

Da aka gama ganawa ta shiga wurin Shugaba ta faɗi komai, ta roƙe shi ya duba mutumin nan. Shugaba ya jinjina kai, ya ce abin bai yi daɗi ba, amma gurbi ɗaya ne, kuma akwai wata matashiya da ta yi wa kowa fintinkau. Anti na wurin lokacin da yarinyar ta yi gwajin koyarwa, ta san gaskiya ya faɗa. Ta so ta sami wanda za ta ɗora wa laifi, ta duba ko'ina ba ta samu ba. Mataimakin nan na makarantar mutumin ma ko ƙeyarsa ba a gani ba a wurin ganawar.

A taron malamai na makon ta nemi a ba ta dama. Ta jona kwamfutarta da allon bango, ta nuna musu layin ɓoye, ta ce daga yau duk saƙon da za a aika wa iyayen yara ko baƙi ta nan zai bi, kuma kafin mutum ya danna amsa wa kowa ya tsaya ya duba su wane ne kowan. Nan take aka fara tsiya. Malamin tarihi ya tambaya yadda mutum zai san matsayinsa idan ba ya ganin na gaba da shi. Nas ta ce ashe Anti ta shiga sahun munafukai. Malamin kwamfuta dai ya sunkuyar da kai yana wasa da biro, bai ce ai na faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo.

Sai ta ba su labarin, ba ta rage komai ba sai sunan mutumin. Ta tuna musu cewa a cikin iyayen da suke zuba wa adireshi a fili akwai waɗanda aure ya mutu tsakaninsu, akwai matar da ta roƙi kada tsohon mijinta ya san yadda zai same ta. Dariya ta ɗauke. Malamar aji ɗaya ta jawo wayarta tana duba saƙon da ta aika da safe, fuskarta ta canza. Shugaba ya ce a mayar da maganar doka, mataimakiyarsa ta rubuta.

An gyara, amma gyaran bai rage wa Anti komai ba. Saura saƙon ban haƙuri ga waɗanda ba su dace ba, kuma ita ce mai aikawa. Ta aika wa kowa nasa daban, ta bar na malamin da ta ja wa kora a ƙarshe. Ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa. Daga bisani ta bar kalmomin ofis yadda suke, ta ƙara layi ɗaya nata a ƙasa: laifina ne, ka yafe mini.

Ba ta yi zaton zai amsa ba. Tana tattara jaka za ta tafi gida sai ga saƙonsa ya shigo.

"Na yafe, Anti, Allah ya yafe mana duka. Yaran ban faɗa musu ba tukuna. Idan kin ji inda ake neman malami, ko na ƙananan azuzuwa ne, ki tuna da ni. Amma don Allah ki turo mini ni kaɗai."