Wanda Ya Rage a Filin Sinima

Tun la'asar motoci suka fara jeruwa a bakin ƙofa, Ishaku kuwa yana tsaye da makulli a hannu, ya kasa zura shi cikin kwaɗon.

Ta tsakanin ƙarafunan ƙofar yana hango filin gaba ɗaya. Can ƙarshe ga dogon bangon nan ya sha farar ƙasa, an toshe ramukan harsashi da siminti. Gaban bangon kuma tudun ƙasa ne jere-jere kamar kunyoyin gona. Mahaifinsa ne ya tada su, shi da ya fito daga zuriyar mahajjatan da suka yada zango a Alshajara, wata unguwa a Khartum, ba su ƙara gaba ba. Mota za ta ɗora ƙafafun gaba a kan tudu, hancinta ya ɗaga, na ciki su kalli fim a jikin bango ba sai sun miƙa wuya ba.

Filin nan ya ga duniya. An rufe shi lokacin da aka bi gidajen sinima ana garƙamewa, ya zama makwancin manyan motoci shekara da shekaru. Abin dariya, annobar korona ce ta tashe shi, da mutanen Khartum suka rasa inda za su taru ba tare da sun gogi juna ba. Ishaku bai gama murna ba yaƙi ya zo.

Da hanyar maƙabarta ta ƙi biyuwa, sai mutanen unguwa suka fara kawo mamatansu nan, don bangon yana kare masu haƙa daga harbi. Ba a ma sha wahalar neman alƙibla ba, bangon yana daidai da ita. A haƙa a jikin tudu, a kwantar da mutum bisa damansa, fuskarsa na duban bango, a ɗaura tsumma a turken ƙarfen da ake rataya lasifika ya zama alama. Hamid, ɗan yayarsa Kande, yana cikinsu. Ya fita ɗebo ruwa da rakshansa mai ƙafa uku, ɓarɓashin bom ya same shi. Ishaku da hannunsa ya sa shi a rami wata safiya da ƙasa ke rawa, ko gama addu'a ba su yi ba suka watse.

Daga nan kowa ya yi ta kansa. Ishaku ya gudu Kosti da iyalinsa. Da ƙura ta lafa ya dawo, ya tarar ɓarayin ƙarfe sun tuge turakun kaf, ruwan damina kuma ya shafe sauran alama. Ma'aikata masu fararen riguna sun zo sun kwashe mamatan zuwa maƙabarta, kowa an same shi ban da Hamid. Sun haƙa inda Ishaku ya nuna, sun haƙa dama da hagu, ba abin da ya fito sai murafan kwalaben lemo. Har suka gaji suka ce masa ma'alesh, wato sai haƙuri, suka tafi.

'Yan'uwansa na Omdurman, waɗanda suka haɗa gadon filin, ba su da haƙurin jira. Sun ce in bai buɗe a wannan Sallar ba za su sayar wa mai gina ɗakunan ajiyar kaya, shi kuwa siminti zai malala a kan komai. In ya buɗe, tayoyi su hau Hamid. In ya ƙi, a danne shi har abada. Tsoro da kunya sun hana Ishaku barci tun shigowar azumi.

"Yaba, rana za ta faɗi," in ji Duha, 'yarsa, wadda ta aro na'urar haska fim ta ɗaure ta a bayan raksha. "Mutane sun zo tun daga Jabal Awliya. Wallahi shekara nawa rabon su da dariya."

"Na gan su."

"To buɗe mana, halas, a wuce wurin. Wataƙila ma ba ya ciki. Wataƙila an haɗa shi da wani an tafi da shi."

"Ni na sa shi, Duha. Yana ciki."

Duha ta juya ta dubi filin. Ita ma tare suka tashi da Hamid, shi ya koya mata tuƙin rakshan da take jingine da shi.

Wani ya danna hon, na bayansa ya taya shi. Ana cikin haka Kande ta ɓullo daga lungu, ta lulluɓe da farin mayafi, tana dogara sanda. Tun da aka daina haƙa ba ta ƙara yi wa ƙanenta maganar filin ba, shirun nan kuwa ya fi zagi ciwo. Ishaku ya rusuna.

"Yaya, da kin zauna a gida."

"Gida? Wa ke gidan?" Ta dubi motocin, ta dubi makullin. "An ce in ba ka buɗe ba za su zuba siminti."

"Haka suka ce."

"To buɗe. Ni ban zo hana ka ba. Na zo ne in zauna kusa da ɗana."

Bai taɓa babbar ƙofa ba. Ya zagaya ya zare sakatar ƙaramar ƙofar da ma'aikata ke bi, ya matsa ta wuce. Sa'an nan ya nufi motar farko. Direban, Jibrin makaniki, ya leƙo da kai yana dariya, ya kira shi baffa da Larabci.

"Ya ammi Ishaku, sai mun tsufa a nan?"

"A bar motoci waje. Da ƙafa za a shiga."

"Sinimar mota ba mota? Wannan wane irin kalam ne?"

"Akwai mutum a ciki," in ji Ishaku. "Ba mu san inda yake ba."

Dariyar ta ɗauke. Jibrin ya kashe inji, ya juya ya faɗa wa na bayansa, maganar ta bi layi mota bayan mota. Wasu suka juya kan mota suka tafi, har da masu tsaki. Ishaku bai ga laifinsu ba, kowa ya gaji da matattu. Sauran suka fito da yaransu da tabarmi, suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ce musu komai, amma ba wanda ya taka tsakiyar fili. Suka bi jikin katanga, suka takure a gefe-gefe, inda hoton zai zo musu a karkace.

Bayan magariba Duha ta kunna na'ura. Haske ya ratsa filin ya faɗa a bango, kiɗa ya tashi, wani yaro ya yi ihun murna uwarsa ta toshe masa baki. Ishaku bai san ko wannan zai ishi mutanen Omdurman su kira shi buɗewa ba. Bai ma kalli bangon ba, idonsa na kan yayarsa.

Kande ita kaɗai ce a tsakiya. Ta shimfiɗa dardumarta a gindin wani tudu ta zauna. Ba ta daɗe ba sai ta miƙe da sauri, ta dubi ƙasan da ta tashi a kai, ta ja dardumar gaba kaɗan. Ta sake zama, ta sake miƙewa. Ta koma wani tudun, ta tsuguna ta dafa ƙasa da tafin hannu, ta fasa. A ƙarshe ta naɗe dardumar ta rungume ta a ƙirji.

Ishaku ya ɗauki kujerarsa zai kai mata, ya yi taku biyu ya tsaya, don bai san inda zai ajiye ta ba. Har fim ɗin ya ƙare tana tsaye.