Kitse a Jinin Baba

Ma'aikacin ɗakin gwaji ya daɗe yana tsoron ranar da zai gwada jinin wani nasa, sai ga jinin mahaifinsa a hannunsa. Da ya ciro kwalbar daga inji, ya tarar da farin maiƙo ya taru a samanta kamar na miyar da ta kwana. Ya fito ya sami mahaifin nasa a inda yake zaune yana jira.

"Baba, kitse ne a jininka."

"Kitse kuma? Yaushe rabona da nama? Shayi kawai nake sha."

"Da sukari cokali shida. Wanda jiki bai ƙona ba, hanta ke mayar da shi kitse."

Tsohon ya taɓe baki. "To, likita, shayin ma an hana?"

"Za ka sha, Baba, amma daga yau ni zan riƙa haɗa maka."