Ruwan Tsoma Gwanda a Ƙafar Tela

Ni dai ba na leƙen ɗakin kowa. Tagar Tela ce ke kallon tawa, kuma labulensu gajere ne.

Tela yana da ciwon suga, sai gyambo ya fito masa a babban yatsan ƙafar dama, ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita. A asibiti suka riƙa manna masa wani abu fari mai laushi, nas ta ce da bawon jatan lande ake yin sa. Ciwo ya fara haɗewa. Har tsokanarsa nake yi: "Tela, an sa maka abin miya a ƙafa, ka yi hattara da mage."

"Iya, magen da nake tsoro ga ta nan a bakin taga," in ji shi.

Ran nan shi da matarsa suka je wankin ciwo aka ce abin ya ƙare, sai an kawo wani. Aka naɗe masa bandeji, likita ya ja musu kunne cewa in gyambon ya ruɓe, sai yanka.

Matarsa, Uwar Biyu, tana aiki inda ake shirya 'ya'yan itace a kwali. Aikinta tsoma gwanda da lemo a wani ruwa mai yauƙi, a shanya, ya bushe ya zama 'yar fata siririya da ke hana su ruɓewa. Da ta ji ogansu ya ce shi ma ruwan da bawon jatan lande ake haɗa shi, sai ta ɗebo daga bahon aiki ta ciko gora.

Na same ta tana shafa masa da bayan cokali.

"Ke 'yar nan, mijin naki gwanda ne?"

"Iya, abu ɗaya ne wallahi. Da idona nake gani kullum. Wadda aka tsoma tana nan garau, wadda aka bari sai ta narke."

"Bar ta, Iya," in ji Tela yana cije leɓe saboda zafi. "In na nuna sai a kai ni kasuwa."

Abin ya bushe, yatsa ya yi sheƙi kamar an shafa masa mai. Kafin yamma duk layinmu an ji, mata suna shigowa kallo, Uwar Biyu sai washe baki take. Safe da yamma tana ƙara wani a kan wani.

Bayan 'yan kwanaki, ni na fara jin wari, don hancina bai tsufa ba. Tela ya daina mayar mini da magana, ya kwanta yana rawar ɗari, ƙafar ta kumbura har idon sawu. Na tura ƙofa ba sallama.

"Ɗauko mayafinki."

"Iya, saman fa lafiya lau yake, duba ki gani."

"Ƙasan nake ji. Tashi!"

Muka kai shi asibiti. Da nas ta ɓare fatar nan, sai da na kau da kai. Ta tambayi abin da aka sa, Uwar Biyu ta faɗa mata. Nas ba ta yi faɗa ba. Ta ce asalinsu ɗaya, gaskiya ne, amma nasu an tace an kashe duk ƙwayar cuta, wannan kuwa gwanda da ƙasar gona sun wuni suna wanka a ciki. An rufe datti a kan ciwo ke nan.

Muka zauna a benci. Uwar Biyu ta riƙe hannuna gam tana cewa, "Tsoron yankan nan ne ya sa ni, Iya."

Yatsu biyu aka cire, ƙafa ta tsira. Tun da Tela ya dawo bai ce wa matarsa uffan a kan maganar ba, ita kuma ba ta iya kallon idonsa. Jiya ya zauna gaban keke ya gwada da diddige. Keken ya juya baya, zare ya tsinke. Ya sake zura zaren, ya daɗe zaune bai taka ba.