Baƙuwar Tibiri

Ilyasu na taka keke a hanyar Tibiri, yashi na riƙe taya, zufa ta jiƙa masa farar rigarsa ta kuku. Kafin magariba Mushe, Baturen kamfanin gyaɗa, zai dawo Maraɗi daga Damagaram da matarsa, kuma abin da Madam za ta fara tambaya shi ne Minu. In babu Minu babu aiki, wataƙila ma a kwana gidan kaso.

Minu kyanwa ce da Madam ta zo da ita daga Faransa: gashi buzu-buzu mai laushi, ido shuɗi, ƙafafu farare kamar ta taka gari. Ba ta kama ɓera, ba ta yaƙushi, kukanta ma sai ka kasa kunne. Aikinta ɗaya, bin mutum. Ilyasu ya tsani halin nan. Yana yanka albasa tana goga masa ƙafa, ya yi tsaki ya ture ta, ta dawo. Kyanwar da ba ta san zuciya ba, ina amfaninta?

Yau da safe innarsa Uwani ta kawo ƙwan zabi a kwando daga Tibiri. Tun da ta tafi bai sake ganin Minu ba, ya tabbata kwandon ta shige.

Ya tarar da gidan Uwani cike da mata. A ƙarƙashin rumfa ga tsohuwa Tsahara, yayar Uwani, wadda tun rasuwar mijinta ta daina magana, abinci ma sai an matsa mata. Minu na miƙe a cinyarta, ciki sama, an lulluɓa mata farin ƙyalle, ga nono a sabuwar ƙwarya. Gefe an ɗaure farar kaza, wani na wasa wuƙa.

"Inna, mi nike gani haka? Kyanwar Madam ce fa!"

"Rage murya, ɗana," in ji Uwani. "Ka taɓa ganin mussa da idon Nasara? Ina buɗe kwando ta fito, ta ratsa mutane duka, ta haye cinyar marar lafiya. Wagga ba dabba ba ce, iskoki ne suka aiko ta."

"Inna, kowa ma haka take yi mai! Ku ba ni ita, don Allah."

"Ba a ɗaukar baƙon iska da hannu. Kira ta. In ta bi ka, taka ce."

Wanda kullum yake korar ta da ƙafa, yau shi zai kira? Ya durƙusa, ya lanƙwasa murya irin ta Madam: "Minu, Minu!" Mata suka toshe baki suna dariya. Ya kaɗa yatsu, ya yi mata Faransancin da ya iya. Minu ta buɗe ido ɗaya, ta rufe.

Inuwa ta fara tsawo. Ilyasu ya zauna daɓas a ƙasa, ya cire hula, ya dafe kai. Ya tuna matarsa Zuliha da tsohon cikinta, ya tuna ɗakin da suke ciki na kamfani ne. Tsoro ya kama shi sosai, har idonsa ya kawo ruwa.

Sai ya ji abu mai laushi a gwiwarsa. Minu ce ta sauko tana jan farin ƙyallen, ta haye cinyarsa, ta tura kai ƙarƙashin haɓarsa, tana gurnani a hankali.

Can aka ji wata busasshiyar murya.

"Ku bar mai ita," in ji Tsahara. "Ya fi ni ciwo." Ta yi ƴar dariya, ta nuna ƙwaryar. "Miƙo mani nonon nan, kar ya lalace."

Uwani ta rangaɗa guɗa. Aka kwance kaza, ta ruga bayan rumbu.

Ilyasu ya sauke ajiyar zuciya, ya zura kyanwar cikin rigarsa, kanta a waje, ya hau keke. Ya riga motar Mushe isowa da ƙyar. Yana tsaye a kicin yana yanka albasa, ya ji ana goga masa ƙafa. Ya ɗaga ƙafar kamar yadda ya saba, ya tsaya, sannan ya mayar da ita ƙasa a hankali.