Fuska Kafin Hannu

Duk wanda ya saba shiga layin 'yan leshi a kasuwar Sabon Gari a shekarun da kuɗin mai suka fara zuba ya san Muinat, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar nan mai zama a karkace a bakin rumfa, mayafi ya zagayo ya rufe mata kuncin hagu har gefen baki. Da hannu ɗaya take warware yadi, ta danne da gwiwa, ta auna. Hannun hagu kuwa yana manne da haƙarƙarinta, ba ya ɗaguwa.

Haifaffiyar Fagge ce. Iyayenta daga Offa suka zo tun tana ciki, don haka Hausa ce ta zauna a bakinta, Yarabancinta bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Mijinta Azeez makanike ne a reluwe, mutum mai ƙarancin magana. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Wasilat.

Wasilat ba ta daɗe da fara tafiya ba abin ya faru. Wata safiya Muinat na ƙara kananzir a risho, ashe bai gama mutuwa ba. Wuta ta yi tsalle. Ta ture yarinyar can gefe, ita kuma rigarta ta kama. Azeez ne ya fito da gudu ya naɗe ta da bargo. Ta yi watanni a asibiti. Ƙunar ta warke, amma ta ja fatar ido ta yi ƙasa, ta karkatar da baki, ta kuma liƙe hammata da ƙirji.

Ranar da aka sallamo ta, tun daga soro take kiran sunan 'yarta. Yarinyar ta taho da gudu, ta ɗaga kai, sai ta ƙwala ihu ta ɓuya a bayan kakarta. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ko abinci ba ta ci in uwar na ɗakin. Sai uwar Azeez, wadda ta zo jinya, ta ce bari ta tafi da ita Offa har uwar ta ƙarasa warkewa. Muinat ce da kanta ta ninke mata kaya.

Ƙarasa warkewar nan ita ce ta ci shekara tara. Azeez kan je duk hutu, ya dawo da hoto. Muinat kan zaɓi yadin da ya fi kowanne kyau a rumfa, ta kai wa tela, ta ce ya ɗinka daidai da 'yar Hajo maƙwabciyarta, don yaran sa'o'i ne. Sau ɗaya ta yi ƙarfin hali ta hau jirgi za ta je. Da aka tsaya a Zariya wani yaro a taragon ya ƙura mata ido, ya riƙe zanin uwarsa. Nan ta sauka, ta nemi mota ta dawo Kano.

Shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji, kasuwa ta buɗe yadda ba a taɓa gani ba. Matan ma'aikata na ɗaukar leshi ba tayi. A shekarar ce kuma Azeez ya dawo daga Offa da labari: tsohuwa ƙarfinta ya fara ƙarewa, ta ce idan an ba da dogon hutu da damina, Wasilat za ta zo Kano ta ga uwarta.

Muinat ta kasa cin abinci ranar. Da safe ta shirya ta tafi asibiti, wurin wani likita da ake ta maganarsa, Likita Wali, ɗan gidan malamai ne daga cikin birni, bai daɗe da dawowa daga ƙasar waje ba inda ya koyo gyaran fata. Ta cire mayafi a gabansa, abin da ba ta yi wa kowa in ba mijinta ba. Ya duba a tsanake, ya taɓa nan, ya ja can, ya leƙa cikin idonta, ya sa aka ɗebi jininta.

"Za a iya, Hajiya," ya ce bayan sakamako ya fito. "Za mu yanko fata daga cinyarki mu dasa. Fuskar aiki guda ce, hannun ma aiki guda. Sai mu yi ɗaya yanzu, ɗayan kuma in jiki ya huta, bayan wata shida ko fiye."

"Likita, haɗa min za ka yi. Ka kwantar da ni sau ɗaya, in tashi sau ɗaya. 'Yata na zuwa da damina."

Ya ajiye alƙalaminsa. "Akwai aikin da ake haɗawa, idan ƙanana ne kuma mai jikin na da ƙarfi. Naki ba ƙanana ba ne. In na haɗa, kusan wuni za ki yi a ƙarƙashin maganin barci, kuma duk daɗewar mutum a ciki, haɗarin ƙaruwa yake. Jininki ga shi ƙasa-ƙasa. Za ki tashi da ciwo a fuska, ciwo a hammata, ciwo a cinya biyu, duk jiki ɗaya ne zai ciyar da su. In ɗaya ya yi ruwa, sauran na iya bi. In fatar da muka dasa ta ƙi kamawa, mun yi asararta ke nan."

"Na jure wuta, Likita."

"Na sani. Amma ba haƙurinki nake jin tsoro ba, zuciyarki da jininki nake ji. Ba zan haɗa ba."

Ta fito ranta a ɓace. Hajo ce ta ba ta labarin wani sabon asibitin kuɗi a Sabon Gari, a saman wani kanti, inda wani likita ke zuwa daga Ikko lokaci-lokaci yana yi wa matan manya gyara. Muinat ta je. Ɗakin sanyi ƙalau, kujeru sababbi har da ledarsu. Likitan ya dube ta daga inda yake zaune, ya yi murmushi.

"Wannan ai ba komai ba ne. Rana ɗaya mu gama duka, fuska da jiki."

Abin da take so ta ji ke nan, kuma ta ji shi. Ta sauko daga benen cike da murna. Sai da ta kusa gida ta tuna bai ce a ɗebi jininta ba, bai ma ce ta ɗaga hannun ya gani ba. Ta kawar da tunanin.

Bayan la'asar ta sami Azeez a tsakar gida yana wanke baƙin mai daga hannunsa, ta faɗa masa ta yanke shawara. Ya daɗe yana cuɗa sabulu.

"Maman Wasila," ya ce, "ranar da na kai ki asibiti, a baranda na zauna. Duk nas ɗin da ta fito sai in miƙe, in ɗauka zuwa ta yi ta ce min in yi haƙuri. Ban taɓa gaya miki ba. Ba na so in sake zaman nan."

"Kai kana ganin ta duk shekara, Baban Wasila. Ka san muryarta. Ni ko tsawonta a jikin 'yar wani nake aunawa. So nake ta sauko daga jirgi ta ga mutum sosai, ba rabi ba."

"To in ta sauko ta tarar da tabarmi a ƙofar gida fa? Me zan ce mata?"

Muinat ta shige ɗaki. Ta zauna a bakin gado, ta ga abin a idonta ƙiri-ƙiri: yarinya da akwatinta, maza zaune a waje ana karɓar gaisuwa, mata na nuna ta suna cewa ga 'yar marigayiyar nan. Ta yi kuka mai isarta. Ba ta sake taka benen nan ba.

Da ta koma wurin Likita Wali, ya ce in shawararsa za ta bi, a fara da hannu, don shi ne zai sauƙaƙa mata rayuwa.

"Hannun ni zai amfana," ta ce. "Fuskar ita za ta kalla. A fara da fuska."

Sai da ya sa ta yi makonni tana shan maganin ƙarin jini, tana cin hanta da zogale, sannan aka shiga da ita tiyata. Ta farka kanta naɗe da bandeji, cinyarta na zafi kamar an zuba barkono, Azeez na zaune a gefe riƙe da hularsa. Ta gane cewa da an ƙara mata wani ciwon a kan wannan, da ba ta san yadda za ta yi ba.

Ranar da aka ba ta madubi ta daɗe tana kallo. Ba fuskarta ta da ba ce. Sabuwar fatar ta fi sauran duhu, ga layin ɗinki ya zagaye ta. Amma idon ya koma mazauninsa, yana rufuwa, bakin kuma ya miƙe. Ta gwada murmushi, ya yiwu.

Jirgin ya iso da rana, ana yayyafi. Azeez, wanda ya je ɗauko Wasilat, ya fara saukowa, sai ga wata doguwar yarinya a bayansa sanye da leshin da Muinat ta aika bara, hannun rigar ya ɗage mata. Muinat ta tsaya cik, tana jiran ihu. Yarinyar ta matso, ta durƙusa da gwiwa biyu a kan jiƙaƙƙen siminti, ta gaishe ta da Yarabanci. Ta ɗago ta dubi fuskar. Babu tsoro a idonta ko kaɗan. Babu sani kuma. Irin kallon da yaro mai tarbiyya ke yi wa ƙawar kakarsa ne. Muinat ta jawo ta da hannu ɗaya ta rungume, ta ji jikin yarinyar a sandare, tana haƙuri har a sake ta.

Wasilat ba ta jin Hausa. In uwar ta yi Yarabanci sai ta sunkuyar da kai tana ɓoye dariya. Tana shara, tana wanke-wanke, ba a ce ta yi sau biyu. Tuwo ba ya shiga mata, sai Muinat ta riƙa aikawa Sabon Gari a sayo garin amala. In ta ce "Mama" kuwa, tsohuwar Offa take nufi.

Wata rana a rumfa, ruwa ya hana ciniki, suna zaune su biyu, yarinyar ta nuna hannun.

"Baba ya ce saboda ni ne."

"Saboda risho ne," in ji Muinat. Ta yi ta laluben kalmomi, sannan ta tambaya, "Kin tuna ranar da na dawo daga asibiti? Kika gan ni kika yi ta kuka?"

Wasilat ta yi tunani da gaske, ta girgiza kai. "Ni? Ban tuna ba. Na ɗauka aikin kasuwa ne ya hana ki zuwa."

Muinat ta juya ta shiga gyara yadin da ba ya buƙatar gyara. Shekara tara tana jin ihun nan a kunnenta, ashe ita kaɗai ke jin sa. Yarinyar ta taso ta kama mata ɗaya bakin yadin, suka ninke tare.

Hutu ya ƙare. An samar wa Wasilat gurbi a sakandare a can, tsohuwa kuma ba mai kula da ita. Muinat ba ta roƙe ta ta zauna ba, ko da yake maganar ta zo mata har baki ba sau ɗaya ba. A tasha yarinyar ta leƙo ta taga, ta haɗa 'yar Hausar da ta tsinta wurin 'yar Hajo.

"Sai na zo. In an yi hannu, zan zo."

Da rani aka yi na hannun. Aikin ya tafi lafiya, aka ɗaure mata shi a miƙe a kan katako don kada fatar ta sake tattarewa. A gadon da ke kusa da nata akwai wata tsohuwa 'yar Ilori, sai Muinat ta roƙe ta kada ta yi mata magana da Hausa ko kalma ɗaya. Haka suke wuni, tsohuwar na gyara mata harshe tana dariya. Kullum da yamma in Azeez ya shigo da kwanon abinci, kafin ya zauna sai ta tambaye shi ko ma'aikatan jirgin kudu sun zo da wani saƙo daga Offa.

"Tukuna," yakan ce. "Ba a ba 'yan makaranta hutu ba."

Sai ta gyaɗa kai, ta ce ya buɗe kwanon.